Ƙullin Yaya Aldemir

Duk wanda ya taɓa hura lemarsa, irin babbar nan da iska ke ɗagawa ta ja mutum bisa allo a kan ruwa, a bakin tekun Barrinha ya san yayana Aldemir, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai tsohuwar hular kaba, wanda zai zo maka ba sallama ba gaisuwa, ya kama jan makullin da ke gaban ɗamararka ya tura, ya ji ya ce ƙas ya buɗe, sannan ya yi gaba abinsa ya bar ka da aikin mayarwa. Baƙi suna ɗauka ma'aikacin hukuma ne. 'Yan gari suna cewa kansa ne ya soma taɓuwa. Ni da muka fito ciki ɗaya na san abin da ke korar sa daga wannan kai na rairayi zuwa wancan, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa ba na cikin masu yi masa dariya.

Sunana Zuleide, ɗinki ne sana'ata. A da ƙyallen jangada, wato jirgin katako na kamun kifi mai tafiya da iska, nake ɗinka wa masunta, kamar yadda mahaifiyarmu ta yi. Yanzu masunta sun ragu, sai lemomin wasan iska da baƙi ke yagawa kullum su kawo min suna marairaice fuska. Keken ɗinkina yana barandar gidana a kan tudu. Daga nan ina hango bakin ruwa gaba ɗaya, tun daga inda ake hura lema har zuwa shingen kifi, turakun itacen nan da aka kakkafa a jere cikin ruwa, kowanne kawa, wato dodon koɗin teku, ta manne masa da kaifi kamar aska.

Aldemir bai taɓa iya zama ba. Tun muna yara a tsaye yake cin abinci, kwanon garin rogo da kifi a hannu, ido a kan ganyen kwakwa yana duba iska. A coci bakin ƙofa yake tsayawa. Ranar aurensa ma sai da amaryarsa Cleonice, Allah ya ji ƙanta, ta taka masa ƙafa a gaban limamin coci don ya daina waiwayen taga. Abu ɗaya ke tsayar da shi wuri guda, shi ne ƙulli. Ba shi igiya kawai ka ga mutum ya nutsu. Kuma alfaharinsa a duniya bai wuce wannan ba, cewa ƙullin da ya yi bai taɓa kwancewa da kansa ba.

Ina da shekara tara, shi yana sha tara, jangadarsu ta kife can nesa inda ba a hango tudu, shi da babban yayanmu Tarcísio. Kwana biyu suna manne da jirgin da ya juya ciki sama. Kowannensu ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin jirgin. Tarcísio kuwa ya hango wani abu kamar jirgi, ya saki tasa igiyar ya ce zai yi iyo ya kira su. Ko gawarsa ba mu samu ba. Aldemir aka kawo mana igiya ta ci fatar ƙugunsa har nama, sai da aka sa wuƙa aka yanke don ƙullin ya ƙi kwantuwa. Daga ranar karatunsa ya tsaya a kan abu ɗaya, cewa a teku ba a saki. Da shi ya yi shekara talatin da shida yana fita yana dawowa, kuma duk garin ba wanda ya isa ya ce masa ba haka ba ne.

Da abokin sana'arsa ya gaji ya sayar da jangadar, wani gidan saukar baƙi ya saya ya kafa ta a tsakar gida aka shuka furanni a ciki, sai muka shiga uku. Mutum ba mata, ba jirgi, ga ƙafa mai ƙaiƙayi. Kafin na gama kofin safe ya zo gidana sau biyu. Ya kwance igiyar shanyata ya sake ɗaurewa. Ya kwance ragar kwanciyar maƙwabta ya sake ɗaurewa. Ya je ya leƙa jangadarsa ta kan katanga, ya dawo yana zagin furanni. Ya rame, barci ya ƙaurace masa, ni kuma haƙurina dama ba yawa gare shi ba.

Nilzete ce ta cece mu. Ita kaɗai ce 'yarsa, shekararta ashirin da bakwai a lokacin, tana koya wa baƙi hawan lema, kuma duk gaɓar nan an san hannunta. Taurin kan ubanta ta ɗauko kaf. Wata safiya ta jefa masa ɗamara a cinya ta ce, "Baba, ko ka shiga ruwa ko Gwaggo ta kashe ka da almakashi. Zaɓi ɗaya."

Ina zaune a gindin kwakwa ranar da ta soma koya masa, don ban yarda a ba ni labari ba. Ta ɗaura masa ɗamarar, ta maƙala madaukin lemar a ƙugiyar gabanta, ta miƙa masa sandar da ake tuƙi da ita.

"Baba, saurare ni da kyau. In lema ta fi ƙarfinka, abu na farko ka saki sandar."

"In saki?"

"Ka saki. In ba ta daina jan ka ba, ka tura wannan jan makullin gaba. Zai buɗe, lemar ta faɗi ba ƙarfi, zare ɗaya ne zai rage tsakaninku. In shi ma ya zama masifa, ka cire shi ta tafi abinta."

"Ta tafi ina?"

"Duk inda ta ga dama. Ko can jihar Maranhão ne."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke yarinya, ni za ki koya wa ruwa? Jirgin da za ka rabu da shi da turin yatsa, wannan jirgi ne?"

"Ba jirgi ba ne, Baba. Shi ya sa nake faɗa maka."

Ta sa shi ya tura makullin sau ashirin a kan rairayi, yana yi yana tsaki. Amma fa ya koya. Iska ba baƙuwarsa ba ce, kafin ta juya ya riga ya ji ta a ƙeyarsa. Cikin wata biyu tsohon nan ɗan shekara hamsin da shida yana yanka ruwa da koriyar lemarsa, hular kaba ɗaure a haɓa, yara suna bin sa da ihu a gaɓa. Ya dawo yana cin abinci har da neman ƙari. Na yi murna ƙwarai, don na ɗauka mun huta ke nan.

Sai wata rana yana tsakiyar ruwa gwiwar hannunsa ta bugi makullin ya buɗe. Lemar ta faɗi, allon ya yi nasa wuri, shi kuma ya iyo iyo har gaɓa yana jan kaya a baya. Bai tashi fitowa ko'ina ba sai daidai inda tsofaffin abokansa masunta ke zaune suna gyaran raga.

"Aldemir, yau kuma jirgin ne ya sake ka?"

"A'a, ku bar shi, wanka ya je yi!"

"Ashe akwai ranar da za mu ga abin da ka ɗaura ya kwance!"

Ta ƙarshen nan ce ta shige shi. Ya naɗe kayansa ya wuce.

Bayan kwana uku ya kawo min ɗamararsa in ɗinke wani wuri da ya farke, ya ajiye sandar a kan teburina. Idon mai ɗinki ba ya wuce zare. A ƙarƙashin jan makullin na hango zaren fatsa, irin farin nan da ba a gani sai rana ta haska shi, an zagaya shi sau huɗu an ɗaure makullin da madaukin, an ƙulle. Na tura da iyakar ƙarfina, ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Gyara."

"Gyaran uwar wa? Abin da aka yi don ya buɗe ka ɗaure?"

"Ni na san ruwa, Zuleide. Ba abin da zai same ni da zan bukaci in rabu da jirgina. Ki yi ɗinkinki."

"Wallahi sai na faɗa wa Nilzete."

Nan ya daina zagayen da yake yi. Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "In kin faɗa mata za ta ƙwace lemar. Kin san za ta ƙwace. Sai in koma ina?"

Na tuna watannin da ya yi yana leƙen furanni ta kan katanga. Na ce a raina, kayansa ne, ransa ne, ba mai hawa sai shi. Almakashina yana nan kusa da hannuna, motsi ɗaya ya isa. Ban yi ba. Na ɗinke ɗamarar na miƙa masa na ja bakina na yi shiru, kuma har gobe ina jin kunyar wannan shirun. Mako biyar na yi ba na iya ɗinka layi ɗaya miƙe in koriyar lemar tana sama, kullum ina cewa gobe zan faɗa.

Wata Asabar ce a tsakiyar Satumba, tun hantsi iska ke ɗibar rairayi tana watsa wa mutane a ƙwauri. Aldemir ya fito daga ruwa wajen azahar, ya kife lemarsa a gaɓa ya danne ta da rairayi, zare da sanda duk a shimfiɗe, ya hauro wurina shan ruwan kwakwa. Yana tsaye yana sha yana min surutun wai injin kekena yana bukatar mai. Ni kuma ina kallon ruwa ta bayan kafaɗarsa.

Wata baƙuwa ɗalibar Nilzete ta rabu da lemarta can ciki, ruwa yana jan ta wajen shingen kifi, tana ɗaga hannu. Da lemar Nilzete ɗin take koyo, saboda haka Nilzete tana gaɓa hannu wofi, daga ita sai ɗamararta. Na ga ta waiga hagu da dama. Na ga ta ruga. Wani abokin aikinta ya kama gefen lema ya ɗaga mata. Yarinyar da ba ta taɓa shiga ruwa ba sai ta gwada makulli, ranar gaggawa ta hana ta.

Na ce, "Yaya."

Ya juya, ya ga koriyar lemarsa tana hawa sama. "Wane ɗan iska ne ya ɗauki..." Bai ƙarasa ba. Kwakwar ta faɗi daga hannunsa.

Ya dira daga barandar bai bi ta matakala ba. Na bi shi ba takalmi, ina gudu ina kiran sunan Nilzete, iska tana mayar min da shi cikin baki. Ta riga ta yi nisa. Ta isa wurin baƙuwar, ta sa ta riƙe bayan ɗamararta, ta jawo ta har inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Na ce Allah na gode, an gama. Amma matar nan tsoro ya gama cinye ta. Maimakon ta saki ta miƙe tsaye, sai ta kai hannu ta cafki sandar. Zaren gefe ɗaya ya naɗe a kan sandar ya maƙale.

Lemar ta soma juyi. Ta yi sama ta kifo ta daki ruwa ta sake tashi, kuma kowane juyi sai ta fizgi Nilzete ta yi jifa da ita gaba. Ta saki sandar, na gani da idona. Ba abin da ya canza. Ta kai hannu biyu gaban ɗamararta ta tura. Ruwa ya rufe ta. Ta ɓullo ta sake turawa. Mutanen gaɓa suna ta ihu, "Tura! Tura ja!" Mu biyu kaɗai a duk rairayin nan muka san tana turawa. Akwai 'yar wuƙa a bayan ɗamararta, amma wanda ake ja a kife cikin ruwa da wannan gudu hannunsa ba ya kaiwa baya. Iska kuwa kai tsaye shingen kifi ta nufa da ita.

Aldemir bai bi ta ba. Ya san ba zai cim mata ba, kuma ko ya kama ta su biyu za a ja. Gaba ya yanka, yana gudu a kan jiƙaƙƙen rairayi yana kallon sama, yana lissafin inda lemar za ta faɗo. Hular ta tafi. Ya faɗa ruwa daf da turakun farko, ruwa har ƙirji, wuƙar kifinsa da ba ya rabuwa da ita tana haƙoransa. Lemar ta daki ruwa gabansa kaɗan ta tashi, bai samu ba. Ta sake zagayowa ta faɗo kusan a kansa, ya yi tsalle ya rungume gefen lemar da aka hura wa iska ya luma wuƙar ya ja. Ƙarar fashewar har inda nake na ji ta. Lemar ta yi ta bugun sa tana neman tashi, zare yana yanka masa hannu, shi kuma yana ta sara har ta kwanta a ruwa kamar wankakken zane.

Tsakanin Nilzete da turken farko bai fi tsawon jangada ɗaya ba.

Aka fito da ita gaɓa. Kafaɗarta ta goce, haƙarƙari biyu sun karye, tana tari tana aman ruwan gishiri. Har lokacin madaukin yana maƙale a ƙugiyar ɗamararta. Aldemir ya durƙusa a gabanta jini yana ɗiga daga tafukansa.

Ta ce, "Na tura, Baba. Sau uku na tura."

Ta sunkuyar da kai ta dubi makullin, rana ta haska zaren. Ta daɗe tana kallon sa. Ta san ƙullin, shi ya koya mata shi tana 'yar shekara bakwai. Ta ɗago ta dube shi, sannan ta dube ni, ni kuma na kasa haɗa ido da ita, nan ta gane sauran. Har aka sa ta a mota zuwa asibitin garin Acaraú, da hannunta mai lafiya ta riƙe sandar ta ƙi ba kowa.

Mako uku ba ta yi mana magana ba, daga ni har shi. Lokacin iska ya wuce ta tana ɗaki da hannu a rataye, ɗalibanta suka koma wurin wasu. In na kai mata romon kifi sai ta karɓa ta rufe ƙofa. Aldemir kuwa ya koma abin da ya fi na da muni. Ya je ƙofarta ya tsaya, ya kasa ƙwanƙwasawa, ya gangara bakin ruwa, ya hauro wurina, ya sake komawa. Bai ƙara taɓa igiyar kowa ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, na fi jin haushin kaina.

Ranar da ta zo, yana barandata yana zagaye, hannayensa naɗe da bandeji. Ta hauro matakala a hankali, ta ajiye sandar a kan teburin ɗinkina. Zaren yana nan yadda yake.

Ta ce, "Kwance."

Ya sa farce. Ya juya ta wannan gefe, ya juya ta wancan. Ya sa haƙori. Zufa ta keto masa, bandejin ya soma yin ja. Ni da ita muna tsaye ba mai motsi. Can ya ɗago, idonsa ya cika.

"Ba ya kwantuwa, 'yata. Ban iya irin wanda ake kwancewa ba."

Ta juyo wurina. "Gwaggo, almakashin nan naki da bai yi aiki ba ran nan, yana yanka kuwa?"

Maganar ta soke ni, kuma na cancanta. Na ɗauko na miƙa masa. Ya yanke zaren, ya zare shi zagaye huɗu, ya ajiye a tebur.

Ta ce, "Tura."

Ya tura. Ya ce ƙas, madaukin ya buɗe ya faɗi a kan siminti. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Aldemir ya tsaya yana kallon sa a ƙasa, sai ga shi ya ja kujerata ya zauna. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya zauna da rana tsaka ba wanda ya sa shi.

Nilzete ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki madaukin, ta mayar da shi da hannu ɗaya, ta ɗora masa sandar a cinya. Ita ma hawaye take yi, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Sake, Baba."

Ya sake turawa.